Ɗan Mashin da Ke Cikin Yashi

Wallahi da farko ban ga komai ba. Yashi ne kawai cikin rariya, jiƙaƙƙe sharkaf, mai kaushi, gauraye da ɓarɓashin kwanso, ruwan teku na tsiyaya ta ƙasa yana jiƙa mini ƙafar wando, jirgin kuma sai lilo yake yi da mu. Baiwar Allahn da ke koya mana aikin ta yi mini alama da hannu in ƙara girgizawa. Na girgiza. Sai wani abu ya yi wul a gefen rariyar kamar an wulga tsinken azurfa, kafin in buɗe baki ya nutse cikin ɗan yashin da ya rage. Na sa yatsa na tono. Ya sake fitowa, ya yi wutsil-wutsil, ya faɗo tsakiyar tafin hannuna, ya kwanta ta gefe ɗaya, tsit.

Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ƙarami ba. Siriri, shafaffe ta gefe da gefe kamar ganyen dogon yaro, tsini a gaba, tsini a baya, har sai ka duba da kyau kafin ka san ina ne gaban. Rana na ratsa jikinsa, ina hango zanen tafin hannuna ta cikinsa. Babu ido. Babu kai. Babu ƙashi ko ɗaya.

Tsigar jikina ta tashi, don na san shi. Shekara da shekaru ina zana shi da alli a kan allo, a ajin da ke nesa da teku da tafiyar yini guda cur a mota, ina gaya wa yaran da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar garinmu ba cewa ga amfiyoksas, ku haddace sassansa. Ni ma haka aka koya mini. Zane ne a littafi, layi a sama, layi a ƙasa, kibiyoyi na nuna sunaye. Yau ga shi yana motsi a hannuna, da sanyinsa, a gaɓar kudancin Faransa kusa da garin Arjeles, inda masu bincike na tashar nazarin teku ta Banyuls ke zuwa ɗibarsa. Gani ya kori ji.

Na mayar da shi cikin bokiti mai yashi a ƙasa, na zuba ido in ga yadda zai shiga. Ban gani ba. Na sake cirowa, na sake saki. Ban gani ba. Yana nan, ba ya nan. A karo na uku ne na lura jikin na karkarwa kamar tsarkiyar baka, sai yashin ya haɗiye shi. Can bayan ɗan lokaci ya turo bakinsa waje, sauran jikin na binne. Haka yake rayuwarsa: a binne, baki a sama, yana tace ruwa.

Da muka koma ɗakin bincike aka ɗora mini guda ƙarami a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a nan ne abin ya fi ƙarfina. Jikin a buɗe yake kamar kwalba. Ba a yanka ba, ba a feɗe ba, yana raye, amma komai a fili.

Abin da na fara gani shi ne sandar. Wani siririn abu ne miƙaƙƙe, tun daga tsinin gaba har tsinin baya, an jera shi falle-falle kamar an tara kwabbai a kan juna. Masana na kiransa notokod. Ni sandar baya zan ce masa. Ba ƙashi ba ne, amma shi ke hana jikin tsukewa idan tsokoki suka ja. Tsokokin kuwa ga su nan jere a gefe, wajen 60, kowace ta lanƙwasa kamar bakin kibiya, irin layukan da kake gani idan ka ɓare naman kifi dafaffe. Na dama su ja, na hagu su ja, sandar ta lanƙwasa ta miƙe, sai jiki ya tafi. Kuma ita kanta sandar tana da zaren tsoka a cikinta, dabbar na iya ƙara mata tauri lokacin da za ta huda yashi. Wannan nata ne ita kaɗai. A jikin sauran danginta sandar ba ta kai ƙarshen gaba, a nata kuwa ta zarce har tsini, shi ya sa aka raɗa wa rukuninta suna Cephalochordata, ma'ana masu sanda har cikin kai.

A saman sandar kuma ga laka, kwance a tsawon baya, da rami a tsakiyarta. A baya fa, ba a ciki ba. Tana da fara da kunama duk igiyar jijiyarsu ta gefen ciki take bi. Tamu ta baya take bi, ta wannan ɗan mitsitsin ma haka. A ƙarshenta na gaba ta ɗan kumbura kaɗan, iyakar ƙwaƙwalwar ke nan, da ɗigon baƙi guda a bakinta, wanda ke cikin ɗan abin da yake gane haske da shi. Wasu ɗige-ɗigen baƙaƙe sun bi tsawon lakar, su ma masu jin haske ne. Da su yake sanin ko jikinsa ya binnu ko da saura a waje.

Na kai hannu bayana ba tare da na sani ba. Domin sandar nan, ni ma na taɓa yin ta. Kowane ɗan Adam, a mako na uku da shigar cikinsa, sai sandar baya ta fito masa, ita ce ke ba ƙwayoyin da ke samanta umarnin su naɗe su zama laka. Daga baya ƙasusuwan baya su ginu kewaye da ita, ta ɓace, sai ragowarta: ɗan abu mai taushi da ke tsakiyar faifan da ke raba ƙashin baya da ɗan'uwansa. Idan likita ya ce wa dattijo faifan bayansa ya zame yana danne jijiya, wannan ragowar ce ta bulluƙo. Mahaifina ya yi shekaru yana fama da ciwon nan, a zaune yake salla a ƙarshen rayuwarsa. Ina kallon sandar cikin madubi ina tuna shi, idona ya cika.

Sai na gangara wajen baki. Wasu siraran gashi-gashi sun kewaye shi, sun sarƙe kamar yatsun hannu biyu, suna tare tsakuwa. Bayansu akwai wani abu da gashinsa ke kaɗawa a jere har ka rantse ƙafar keke ce ke juyawa. Daga nan sai maƙogwaro, wanda ya cinye kusan rabin jikin, kwando ne sosai, da tsagogi fiye da 100. Aka ɗiga mana ɗan ruwa mai ƙananan tsirran teku, muka ga yadda ake cin abinci a gidan: ruwa ya shiga ta baki, ya fita ta tsagogin, ya taru a wani ɗaki da ke kewaye da kwandon, ya fice ta wata ƙofa guda a ciki. Abincin kuwa ya maƙale a yauƙin da ya shafe kwandon, a naɗe shi kamar igiya, a tura hanji. Tsagogin nan na ci ne. Numfashi yawanci ta fata yake yinsa, fatar kuwa ƙwayoyi ne layi ɗaya tak. Jininsa ba ja ba ne, kamar ruwa yake. Zuciya babu, jijiyoyin jinin ne da kansu ke matsawa suna tura shi.

Yauƙin nan daga ina? Daga wani kwari da ya bi ƙasan maƙogwaron, endosital. Malamar ta nuna mini shi da bakin allura, ta ce in faɗi abin da ya zama a jikinmu. Na sani a littafi, amma faɗinsa da abin a gabana daban ne. Wannan kwarin yana kama sinadarin aidin daga ruwa ya riƙe. A jikinmu abin da ke wannan aikin shi ne ƙullin tayirod da ke gaban wuya, wanda idan ya rasa aidin sai ya kumbura ya zama maƙoƙo. Duk gishiri mai aidin da ake ta kiran mata su saya a kasuwa, don shi ne. Akwai ma shaida mai rai: wani kifi marar muƙamuƙi, lamfire, yana ƙarami a cikin laka endosital gare shi yana tace ruwa, idan ya girma sai wannan kwarin ya rikiɗe ya zama tayirod, a jiki guda, a rayuwa guda. Su ma tsagogin muna da tarihinsu: ɗan tayin mutum yana yin wasu lunguna a gefen wuya, ɗaya daga cikinsu shi ke zama bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro, wanda ya yi ta toshe mini a jirgin sama ina zuwa.

Sanda, laka a baya, tsagogin maƙogwaro, endosital, da jela wadda ta wuce dubura. Da waɗannan ake gane babban gidan da ake kira Chordata, gidan da kifi da kwaɗo da kada da jimina da raƙumi da mu duk muke ciki. Ikon Allah, ga su duka biyar a jikin abin da bai kai tsinken sakace nauyi ba, kuma ya riƙe su har tsufansa.

Da daddare na kasa barci, na buga wa tsohon malamina waya, wanda ya fara zana mini shi a aji.

"Allah ya gafarta Malam, na gan shi."

"Wa ka gani?"

"Amfiyoksas, Malam. Da ransa. Na riƙe shi."

Ya yi shiru. Can ya ce, "Kai yaro. Da gaske ana ganin cikinsa?"

"Wallahi kamar gilashi, Malam."

"Masha Allah. To ka kalla mana da kyau, har da rabona."

Sunansa ma labari ne na yadda ya yi ta rikita masana. Wanda ya fara bayyana shi a rubuce, Peter Simon Pallas, a 1774, an aiko masa da shi ne daga gaɓar Konwal ta Ingila, ya duba ya ce dodon koɗi ne marar gida, ya sa masa suna Limax lanceolatus. Shekara 60 yana cikin dangin katantanwa. A 1834 wani Ba'italiye, Costa, ya same shi a gaɓar Nafoli, ya gane ya fi kusa da kifi, amma ya zaci gashin bakin nan abin numfashi ne, ya kira shi Branchiostoma, wato mai abin numfashi a baki. Kuskure ne, sai dai a ƙa'idar raɗa suna wanda ya riga shi ke tsayawa, don haka sunan na nan har yau. Bayan shekara biyu, a 1836, William Yarrell na Ingila ya lura da sandar, ya kira shi Amphioxus, mai tsini ta ɓangare biyu, wannan ne ya bi bakin mutane. Turawa kuma na ce masa lansilet, ɗan ƙaramin mashi. Ni wannan ya fi kwanta mini. Ɗan mashi.

Wanda ya buɗe ƙofar sosai saurayi ne daga Rasha, Alexander Kowalevsky, wanda ya zauna a Nafoli a shekarun 1860 yana bin ƙwan dabbar daga rabuwar farko har ya zama jariri. Ya ga yana ginuwa irin ginin masu ƙashin baya. Ya juya kan wasu halittu da ke manne a duwatsun teku, masu kama da salka, in ka matsa su sai su tsarto ruwa, ana ce musu tunikat. Kowa na ɗaukarsu dangin katantanwa. Ya tarar jaririnsu kamar talibambam yake, da jela, da sanda a cikin jelar, da laka a sama. Sai ya girma ya manne da dutse, ya shanye jelar, ya zama salka. Darwin da kansa ya kawo aikin nan a littafinsa na 1871.

Daga nan gidan ya tsaya da ɗaki uku: masu ƙashin baya, jinsi fiye da 60,000, 'yan salka, wajen 3,000, sai ɗan mashi, jinsi 30 da 'yan kai kacal a duk tekunan duniya, cikin zuriya uku, Branchiostoma da Epigonichthys da Asymmetron. Rarrabe su ma aiki ne, don duk kama suke yi. Sai an ƙirga tsokoki, an ƙirga ɗakunan da ke cikin fiffiken baya. Alama mafi sauƙi ita ce jakunkunan ƙwai: Branchiostoma na da su dama da hagu, sauran biyun a dama kawai. Akwai guda, Asymmetron inferum, da aka bayyana a 2004, wanda aka samo a Jafan cikin ƙasan teku kusa da ruɓaɓɓun ƙasusuwan kifin whale, inda ruwan ke warin ƙibiritu. Ko a can sun samu wurin zama.

Ga kuma abin da ya girgiza ni, don ya taɓa abin da na yi shekaru ina koyarwa. Fiye da ƙarni guda kusan kowa ya yarda ɗan mashi ne ɗan'uwa mafi kusa ga masu ƙashin baya. Ai ido ma ya nuna: wannan kamar kifi, wancan kamar salka. A 2006 Frédéric Delsuc da abokan aikinsa suka kwatanta ƙwayoyin gado masu yawa, suka wallafa a mujallar Nature cewa ba haka ba ne, 'yan salka sun fi kusa da mu. A 2008 aka kammala karanta kundin gadon jinsin Fulorida, Branchiostoma floridae, ya tabbatar da zancen. Wato reshen ɗan mashi ne ya fara rabuwa, fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce a lissafin masana, sannan daga baya 'yan salka da masu ƙashin baya suka rabu. Kama da wane ba ta wane. 'Yan salka sun yi gudu sun sauya kama har ba a gane su, shi kuwa ya zauna cikin yashinsa yana sauyawa a hankali. Littattafan da ke hannun yaranmu da yawa ba su kai ga wannan gyaran ba, kuma abin na damuna, don yaro ya cancanci a gaya masa cewa ilimi na gyara kansa.

Kada a fahimce ni a karkace: masana ba su ce ɗan mashi kakan kowa ne ba. Yana raye yau kamar yadda muke raye, ya yi tasa doguwar tafiyar. Darajarsa ita ce bai yi nisa da tsohon fasali ba. Dubi ƙwayoyin gadon da ake kira Hox, masu gaya wa ɗan tayi nan ne gaba, nan ne tsakiya, nan ne baya. Mu muna da jeri huɗu, guda 39. Shi jeri ɗaya gare shi, guda 15, a shirye bi da bi. Tun 1970 Susumu Ohno ya kawo ra'ayin cewa kundin gadon masu ƙashin baya ninkuwa ya yi gaba ɗayansa, kundin ɗan mashi kuma ya zo ya ƙarfafa cewa sau biyu ya ninku: ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama huɗu. Kamar ka ga gida mai sassa huɗu, sannan a nuna maka zanen ɗaki guda da aka fara aza harsashinsa.

Muka kashe fitila wata rana aka haska shi da shuɗin haske, sai bakinsa ya yi kore shar yana ƙyalli. Yana da wani sinadari mai walƙiyar kore irin na wasu halittun teku masu jikin yauƙi. In aka yanke masa jela kuma sai ta sake tsirowa, da sandarta da lakarta. Lakar da in tamu ta tsinke mutum ya kwanta ke nan.

Daren haihuwa kuwa ba zan manta da shi ba. A tashar sun gano dabara: a ɗan ƙara ɗumin ruwan na kwana ɗaya da rabi, sai dabbobin su ɗauka lokaci ya yi. Bayan faɗuwar rana muka tsaya cikin duhu da jan haske, kowane a ɗan kofinsa. Sai ga namiji ya yi wani fizga, farin hayaƙi ya fita. Mace ta zubo ƙwai kamar an watsa garin gero. Muka haɗa a faranti. A gaban idona ƙwai ɗaya ya rabu biyu, huɗu, takwas. Ban tashi ba. Washegari ya zama ɗan ƙunshi mai gashi yana juyawa cikin ruwa, bayan 'yan kwanaki kuma baki ya buɗe. A ina? A gefen hagu. Ba a gaba ba, ba a ƙasa ba, a hagu, babba, tsagogin farko kuma suna leƙowa ta dama. Jaririn a karkace yake gaba ɗaya, sai ya kusa komawa yashi sannan bakin ya gangaro tsakiya. Ko a babban ma tsokokin dama da na hagu ba su fuskanci juna ba, sun goce kamar jerin bulo.

A Shiyamen ta ƙasar Sin, in ji waɗanda suka fito daga can cikin masu koyon aikin tare da mu, ɗan mashi abinci ne. Masunta sun daɗe suna kwasar yashi suna wanke shi suna fitar da shi, har aikin gine-gine a bakin ruwan ya lalata yashin ya rage shi ƙwarai, yanzu doka ta kare shi. Yashi mai kaushi yake so, wanda ruwa ke ratsawa. Da laka ta cika wurin, ya tashi.

Ana saura kwana biyu in taho ina duba jerin jinsunan, yatsana na bin sunaye, belcheri, floridae, lanceolatum, sai na tsaya cak. Branchiostoma nigeriense. Na sake karantawa. Nigeriense.

Namu ne. J. E. Webb, masanin dabbobi da ya koyar a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, shi ya bayyana shi a 1955 daga ruwan Legas, a 1958 kuma shi da abokiyar aikinsa Hill suka wallafa nazarin rayuwarsa a tafkin Legas. Ga senegalense, ga gambiense, ga takoradii mai sunan Takoradi ta Gana. Gaɓar Afirka ta Yamma cike take da su, ni kuwa sai da na ƙetare Bahar Rum kafin in ga guda. Abin da Webb ya gano ya yi kama da rayuwar da na sani tun ina yaro, rayuwar rani da damina. Da rani ruwan gishiri na shigowa tafkin daga teku, jarirai su biyo shi, su sauka a yashi su girma. Damina na sauka koguna su kwararo, gishirin ya tsinke, in ya faɗi ƙasa da wajen kashi 13 cikin 1,000 sai su mutu. Rani na dawowa, wasu su sake shigowa daga teku.

Na tuna jiragen da na gani suna zuƙar yashi daga ƙasan tafkin nan dare da rana, da tifofin da ke jigilarsa zuwa wuraren gini, na tuna abin da ya sami yashin Shiyamen, gabana ya faɗi.

Na dawo gida cikin damina. Ranar farko a aji ban ɗauki alli ba, na nuna wa yaran hoton da na ɗauka ta bakin madubi, suka taso suka yi dafifi a kan wayar, wata yarinya ta ce, "Malam, wannan layin shi ne a bayanmu?" Na ce ragowarsa. Ta kai hannu ta shafa bayanta.

Na sayi rariya mai ƙananan ido a kasuwa, tana cikin jakata. Na yi magana da wani ɗan garinmu da ke Legas ya nemo mini mai kwalekwale wanda ya san inda yashin ya fi kaushi. Jira nake ruwa ya ɗauke, gishiri ya koma tafkin.